Lilak

Lilak, wanda masana tsirrai ke kira Syringa vulgaris, ƙaramin itace ne mai ƙamshin fure daga dangin zaitun da yasmin. Asalinsa tsaunuka masu duwatsu na yankin Balkan ne, a kudu maso gabashin Turai. Daga lambunan Daular Usmaniyya ta Turkiyya aka kai shi yammacin Turai a ƙarni na 16, kuma ana danganta hakan da Ogier de Busbecq, jakadan sarkin Ostiriya a Istanbul. A 1753 Carl Linnaeus ya raɗa masa sunan kimiyya, daga kalmar Girkanci da ke nufin sarewa.

Tsayinsa kan kai mita 6 zuwa 7, amma ba ya tsayawa da kututture ɗaya: saiwarsa na ta fitar da toho, har ya zama dunƙulen sanduna masu yawa. Ganyen mai siffar zuciya ne, tsawonsa santimita 4 zuwa 12, yana fitowa biyu-biyu suna fuskantar juna, kuma yana kakkaɓewa da hunturu. Furannin ƙanana ne, kowanne kamar ɗan bututu mai leɓe huɗu, sun taru a gungu guda kamar zangarniyar dawa, mai tsawon santimita 8 zuwa 18. Launinsu shunayya ne mai haske, akwai kuma farare. A Afrilu ko Mayu suke buɗewa, ba sa wuce mako biyu zuwa uku. Bayan nan sai busasshen kwanso mai ɗauke da ƙwayoyin iri masu fiffike.

Abin da mai shuka ya fi bukatar sani shi ne, lilak na ɗaure furen baɗi ne jim kaɗan bayan na bana ya bushe, kuma sai ya sha sanyin hunturu na tsawon makonni kafin ya buɗe. Shi ya sa ba ya yin fure a ƙasashe masu zafi irin namu, ko da an ba shi ruwa da taki. Shi ya sa kuma lokacin datse rassa ke da muhimmanci ƙwarai. Da zarar fure ya yi yaushi ake datsewa. Wanda ya bari sai kaka ko hunturu, to furen shekara mai zuwa ya sare da hannunsa. Tsohon itacen da ya yi tsayi ya bar ƙasansa tsirara, ba a sare shi gaba ɗaya; kowace shekara a cire kashi ɗaya cikin uku na tsofaffin sanduna daga tushe, cikin shekara uku ya sabunta ba tare da an rasa fure ba.

Yana son rana ta aƙalla awa 6 a yini, da ƙasar da ruwa ba ya kwanciya, mara tsami. Inuwa na rage fure. Haka ma takin zamani mai yawan naitirojin, ganye zai yi ta bunƙasa, fure kuwa babu. Ana yaɗa shi ta hanyar cire toho da saiwarsa, ko dasa ɗanyen reshe, ko aure, wato haɗa reshensa da tushen wani itace. A ƙarshen lokacin zafi farar fumfuna kan lulluɓe ganye kamar an barbaɗa gari. Muni take jawowa, ba ta cika kashe itacen ba, kuma rage cunkoson rassa don iska ta ratsa na sauƙaƙa ta. Wadda ta fi illa ita ce bakteriyar Pseudomonas syringae, da ke baƙanta sabon toho idan damshi ya haɗu da sanyi. Daga lilak ta samo sunanta.

Babban amfaninsa ado ne da ƙamshi. Victor Lemoine na birnin Nancy a Faransa, da zuri'arsa, sun samar da nau'o'i fiye da 200 tun daga shekarun 1870, ciki har da Madame Lemoine mai farin fure ninki biyu. Jihar New Hampshire ta Amurka ta ɗauke shi furen jiha a 1919, birnin Rochester na jihar New York kuma na yin bikinsa duk watan Mayu. Katakonsa ƙarami ne amma mai tauri da laushin ƙira, ana yin ƙotar wuƙa da shi. Ƙamshin kuwa da wuya a tatso shi daga furen, don haka yawancin turaren lilak da ke kasuwa haɗin sinadarai ne.