Emshilik: Sunan Maganin Gargajiya a Ƙasar Kazakistan

Mutanen Kazakistan suna kiran maganin gargajiya "emshilik". Tushen kalmar shi ne "em", wato magani ko waraka a tsoffin harsunan Turkawa. Idan aka ƙara "shi" sai ta zama "emshi", mai magani, "lik" kuma ya mayar da ita sunan sana'ar baki ɗaya. Kalmar "em" ta tsufa ƙwarai, domin Mahmud al-Kashgari, masanin harsunan Turkawa, ya kawo ta cikin ƙamusun da ya rubuta a ƙarni na 11.

Masu maganin nasu iri-iri ne. "Synyqshy" shi ne maɗori. "Tamyrshy" yana dafa jijiyar hannu ya karanta bugun jini. "Baqsy" kuwa, wato boka, da kayan kiɗa mai kama da goge, "qobyz", yake aiki. Akwai kuma "tauip", daga "ɗabibi" na Larabci, tushen da ya ba mu kalmar "ɗibbu".

Abin da ya sa na ɗauko zancen a matsayina na ma'aikaciyar lafiya shi ne nonon goɗiya. Makiyayan Kazak suna zuba shi a salkar fata, su yi ta kaɗawa har ya yi tsami, suna kiransa "qymyz". Tun a ƙarni na 19 ake ba masu tarin fuka shi, kuma mara lafiya kan yi ƙiba, ƙarfinsa ya ɗan dawo, 'yan uwa su yi murna. Amma ƙwayar cutar tana nan cikin huhu, yana ci gaba da yaɗa ta ga masu kwana ɗaki ɗaya da shi. Nonon abinci ne mai gina jiki, ba ya kashe ta. Magungunan da ke kashe ta sai daga shekarun 1940 aka fara samunsu.

Ina ganin irin wannan a wurin aikina. Mai tari ya sha jiƙo, ya ji sauƙi, sai ya ce ya warke, bayan wata uku a kawo mana shi yana tofar da jini. Don Allah, tarin da ya wuce mako 2, musamman da zufar dare da rama, a je asibiti a gwada majina. Idan tarin fuka ne, a sha magani wata 6 cur, ko da an ji garau tun a wata na biyu. Duk abin gargajiyar da ake sha kuma a gaya wa ma'aikacin lafiya, domin wasu saiwoyin suna wahalar da hanta idan suka haɗu da maganin.