Fayil ɗin ayyukan ɗalibi wajen gano yara masu baiwa

Fayil ɗin ayyukan ɗalibi, wanda malaman ilimi suke ce wa fotfoliyo, hanya ce ta gano yaro mai baiwa ta tara ayyukan da ya yi da kansa tsawon zango ko shekara guda, maimakon a zaunar da shi jarrabawar awa biyu a ce shi ke nan an san shi. Abin da ake zubawa a ciki akwai rubutun insha'i, akwai lissafi har da inda ya ɓata ya soke ya sake, akwai zane, hoton wani abu da ya ƙera, ko muryarsa da aka ɗauka yana karatu ko muhawara, sai ɗan bayanin malami da kwanan wata a jikin kowane aiki. Kwanan watan nan fa ba ado ba ne, dan ba aikin da ya fi kyau kawai ake nema ba, so ake a ga irin nisan da yaron ya yi daga zangon farko zuwa na uku da kuma yadda yake yi in abu ya cije mishi.

A da gwajin ƙwaƙwalwa ne kawai ma'auni. Alfred Binet ya fito da nasa a Faransa a 1905, Lewis Terman na Jami'ar Stanford ya yi mishi kwaskwarima a 1916, sannan a 1921 ya fara bibiyar yara wajen 1,500 a Kalifoniya da suka ci maki mai yawa, kuma yawancinsu fararen fata ne 'ya'yan masu rufin asiri, wanda wannan kaɗai ya isa ya sa mutum ya tambaya ko gwajin baiwa yake aunawa ko gidan da aka fito. A 1972 rahoton Marland da aka kai wa majalisar dokokin Amurka ya faɗaɗa ma'anar baiwa, ya shigo da ƙirƙira da shugabanci da fasaha irin su zane da kiɗa. Joseph Renzulli, wani masanin ilimi a Amurka, a 1978 ya ce abu uku ne suke haɗuwa su ba da baiwa, basirar da ta wuce ta tsaka-tsaki, ƙirƙira, da naci a kan aiki, to ka ga naci ai ba ya fitowa a jarrabawar kwana ɗaya. Howard Gardner na Harvard ma a 1983 ya zo da maganar cewa basira kala-kala ce, sai dokar Javits ta Amurka ta 1988 ta ware kuɗin bincike dan a gano masu baiwa cikin 'ya'yan talakawa da yaran da Turanci ba shi ne harshen gidansu ba. Daga nan makarantu da yawa suka fara haɗa fayil da sauran gwaje-gwaje.

Wajen dubawa, yawanci malamai biyu ko uku ne suke zama da ma'aunin maki da aka rubuta tun farko, kowa ya ba da nasa ba tare da ya ga na ɗan'uwansa ba, in da hali a rufe sunan yaron, sai a kwatanta da aikin sa'anninsa. Nan ne kuma raunin hanyar yake. Jihar Vermont a Amurka ta gwada auna ɗalibai a faɗin jihar da fayil a farkon shekarun 1990, a lissafi da rubutu, da cibiyar bincike ta RAND ta bincika sai ta ga malamai biyu za su duba fayil ɗaya makinsu ya sha bamban sosai. Ga kuma matsalar wa ya yi aikin, dan in gida aka tafi da shi ba mamaki yayarsa ce ta yi ko malamin lesin, shi ya sa masu hankali suke cewa mafi yawan abin da zai shiga fayil a yi shi a aji a gaban malami.

A Najeriya dai jarrabawa ce har yanzu take da ta cewa. Makarantar masu baiwa ta gwamnatin tarayya da ke Suleja da jarrabawar NECO ake shigarta, haka nan Kano makarantun kimiyya irin su Dawakin Kudu da Dawakin Tofa da aka kafa a 1977 sai ka ci jarrabawar shiga. Ba a ce ba su fitar da zaƙaƙurai ba, likitoci da injiniyoyi nawa suka yaye, amma jarrabawar da Turanci take, to yaron firamaren gwamnati da yake taya babansa tsaron shago a Kantin Kwari yana buga lissafin yadi da canji da ka kafin babba ya lalubo kalkuleta, in Turancinsa bai nuna ba sai kawai ya zube. Haka mai haɗa mota da gwangwani har ya sa mata batir da fitila, haka yarinyar Islamiyya mai haddar da malamai suke mamaki, ko almajirin da hannunsa ya faɗa a zayyana, duk ba inda aikinsu yake shiga takarda, shi allo ma ai wankewa ake yi.

Abin da zai hana tsarin fayil ɗin tafiya a Kano ba ɓoyayye ba ne, aji ne za ka tarar da yara sama da ɗari malami ɗaya, ko makin C.A. da kyar yake iya cikewa balle ya buɗe wa kowa fayil ya riƙa rubuta bayani. Abin da ya fi kusa da yiwuwa shi ne a taƙaita, aiki huɗu ko biyar a zango, wanda ba na takarda ba a ɗauke shi a waya, a bar yaro ya yi bayanin aikinsa da Hausa in Turanci zai takura shi. Sai dai in malami ne zai zaɓi waɗanda za a buɗe wa fayil tun farko, to masu zaman gaba da masu ɗaga hannu ne za su samu, shiru-shirun bayan aji an sake tsallake su ke nan, dan haka zagayen farko kowa da kowa ya kamata a tara wa, a zagaye na biyu ne za a tace.