Dokar kwaikwayon tsofaffin motoci a Amurka: abin da ta yafe da abin da ba ta yafe ba

Duk lokacin da bidiyon wata sabuwar Cobra ya zagayo, buɗaɗɗiyar motar nan mai kujera biyu da salansa kwance a gefenta, sai maganganu biyu su biyo baya. Wasu su ce Amurka ta halatta motocin jabu, ta kuma yafe musu duk wata ƙa'idar kare rai. Wasu su ce a'a, shiri ne na rufe ƙananan garejin da ke haɗa irin waɗannan motoci. Dokar ba ta faɗi ko ɗaya daga ciki ba.

Cobra ta asali aikin Carroll Shelby ce, wani Ba'amurke tsohon direban tseren motoci. Ya ɗauko bodin AC Ace daga Ingila, ya dasa masa injin Ford mai silinda 8, aka ƙera kusan 1,000 tsakanin 1962 da 1967. Yau wasunsu sukan haura dala miliyan ɗaya a gwanjo, shi ya sa kamfanoni irin su Superformance da Factory Five suke ƙera kwaikwayonta. Amma a da babu halin su sayar da ita cikakkiya, domin duk sabuwar mota sai ta ci gwajin karo irin wanda ake yi wa Toyota, kuma fasalin 1965 ba zai ci ba. Sai su sayar da bodi da ƙafafu babu inji babu giya, mai saye ya nemi bakanike ya ƙarasa.

Wannan ƙulli ne sashe na 24405 na dokar sufuri ta FAST, wadda Shugaba Obama ya sa wa hannu a Disambar 2015, ya zo warwarewa. Ya shafi kamfanin da bai wuce mota 5,000 a shekara a duk duniya ba, na gida ko na waje. Irin wannan kamfani zai iya sayar da motar kwaikwayo har 325 a shekara, da injinta da mukullinta, bayan ya yi rajista da hukumar kiyaye haɗurra ta NHTSA.

Zancen jabu bai taso ba. Sai kamfani yana da izinin amfani da fasalin motar daga mai haƙƙinsa, kuma dole ya manna tambari na dindindin mai faɗin motar da aka kwaikwaya da ƙa'idojin da aka ɗauke mata. Abin da aka yafe shi ne ƙa'idojin da suka hau kan motar dungurungum, kamar gwajin karo da jakar iskar kariya. Taya, gilashi, fitilu da bututun birki kuwa suna nan a ƙarƙashin doka. Hayaƙi ma ba a yafe shi ba: injin sai wanda hukumar muhalli ta EPA ko takwararta ta Kalifoniya ta amince da shi a ma'aunin yau. Wanda yake mafarkin tsohon babban injin Ford na Cobra da ake kira 427, mai kafireta, ba zai same shi ta wannan ƙofa ba.

Inda mutane suka fi ruɗewa shi ne zancen shekara 25, domin dokoki biyu ne suke ɗauke da wannan adadi. A wannan doka, motar da ake kwaikwaya ce za ta kai shekara 25 da ƙerawa. Ɗayar kuma tsohuwar ƙa'idar shigo da mota ce, wadda ta ce motar da ita kanta ta cika shekara 25 za ta iya shiga Amurka ba tare da cika ƙa'idojin kariya ba. Sai wani ya haɗa su ya ce ai Cobra ta 1965 ce, don haka kowace iri ta wuce. Ba haka ba ne. Cobra da aka ƙera a Afirka ta Kudu a 2020 motar 2020 ce a idon gwamnatin tarayya, komai kamarta da ta Shelby. Wasu jihohi sukan rubuta mata shekarar da ta kwaikwaya a takardar mallaka, amma takardar jiha ba ta canza lissafin kwastan.

Tara kuma a wuyan kamfani take, ba a wuyan direba ba. Kamfanin da ya zarce 325, ko ya yi ƙarya a rajista, zai iya rasa rajistar, motocin da suka ƙaru kuma su zama haramtattu a kasuwa. Dokar ta 2015 ta kai tarar karya ƙa'idar kariya zuwa dala 21,000 kan kowane laifi, jimilla har dala miliyan 105, kuma ana ɗaga adadin gwargwadon hauhawar farashi. Idan aka gano aibi a motar, sai kamfani ya kira ta ya gyara kamar kowane babban kamfani. Shi kuwa mutumin da ya sayi sassa ya haɗa tasa a bayan gida, wannan sashe bai taɓa shi ba. Rajistarsa tana hannun jiharsa kamar da.

A ganina an yi wa ƙananan kamfanonin rashin adalci wajen jinkiri. Majalisa ta ba NHTSA shekara ɗaya ta fitar da ƙa'idojin aiki, sai da ƙungiyar masu kayan mota ta SEMA ta kai ta kotu a 2019, ƙa'idojin ba su kammala ba sai Maris 2022. Abu ɗaya dai yana damuna a dokar kanta. Mai saye ya karanta tambari ya yarda da haɗarin, amma wanda ya zauna a kujerar gefe, cikin mota marar rufi mai ƙarfin doki 400 ko fiye, babu wanda ya tambaye shi.