Dokar WARN: kwana 60 kafin a sallami ma'aikaci a Amurka

A watan Agustan 2024 kamfanin Intel mai ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta ya sanar da cewa zai rage ma'aikata kusan 15,000. Shugabanni ne suka yi sake har kamfanonin Nvidia da TSMC, abokan hamayyarsa a wannan harka, suka yi wa kamfanin fintinkau, amma na ƙasa aka fara miƙa wa takardar sallama. Shi ma shugaban, Pat Gelsinger, bai kai ƙarshen shekarar a kujerarsa ba. To, me doka ta tanadar wa ma'aikacin da abin ya rutsa da shi?

Dokar tarayya da ake kira WARN, ta shekarar 1988, ba ta hana kora. Ba ta kuma tambayar ko dabarun shugabanni ne suka jefa kamfani a rami. Abu ɗaya take nema: kamfanin da ke da ma'aikata 100 ko fiye ya ba da sanarwa a rubuce kwana 60 kafin sallama, ga ma'aikatan ko ƙungiyarsu, da hukumar jiha, da ƙaramar hukuma.

Ba kowace sallama ce ta shiga ciki ba. Sai an rufe wurin aikin da zai raba mutum 50 da aikinsu, ko an sallami 500 a wuri ɗaya, ko kuma 50 zuwa 499 idan sun kai kashi 33 cikin ɗari na ma'aikatan wurin. Nan ne gizo ke saƙa, domin wuri-wuri ake ƙirgawa. Kamfanin da ya tsinci mutum 40 a wannan ofis, 30 a wancan, yana iya sulalewa. Shi ya sa wasu jihohi suka ƙara ɗaure igiyar: Kalifoniya ta fara daga kamfani mai mutum 75, New York kuma kwana 90 take nema.

Wanda ya karya doka zai biya albashi da alawus na kwanakin da ya tauye, har 60, ana kuma iya cin sa tarar dala 500 kowace rana. Sai dai ma'aikatar ƙwadago ba ta kai ƙara a madadin kowa. Ma'aikaci ne zai nemi lauya ya je kotun tarayya. Akwai kuma uzurin da kamfani ke iya fakewa da shi, kamar bala'in ambaliya ko girgizar ƙasa, ko karyewar ciniki da ba a hango ba.

Manyan kamfanoni ba su cika sha'awar wannan shari'a ba. Lokacin da Elon Musk ya sallami kusan rabin ma'aikatan Twitter a Nuwamban 2022, nan take aka toshe musu hanyar shiga kwamfutocin aiki, aka ce albashi zai ci gaba har wa'adin ya cika. Doka ta yarda da hakan, tunda ba ta ce dole a bar mutum a teburinsa ba. Duk da haka wasu sun garzaya kotu a San Francisco.