Me ake nufi da "kwamfuta mai kaset"?

Masu sha'awar tara tsofaffin na'urori suna kiran wasu kwamfutocin gida na shekarun 1980 da wannan suna. Allon rubutu ne kawai mai kauri, duk ƙwaƙwalwar tana cikinsa. A haɗa shi da tele, a kunna, sai BASIC, harshen da ake rubuta wa kwamfuta umarni da shi, ya fito yana jiran umarni. Kwamfutar ba ta da wurin sa disket, wato ɗan faifan ajiye bayanai na wancan zamani, kuma ba ɓata ya yi ba, haka ta baro masana'anta.

Dalili kuɗi ne. Commodore 64 ta fito a Amurka a 1982 kan dala 595, na'urar disket ɗinta mai lamba 1541 kuwa daban ake sayenta, har akwai lokacin da kuɗinta ya kamo na kwamfutar kanta. Sai mai ƙaramin ƙarfi ya koma ga kaset, irin dai wanda ake ɗaukar waƙa da wa'azi. Ana mayar da bayanai sauti a naɗe a zare, in za a yi wasa a kunna kaset a zauna jira na mintoci. Zaren ya ɗan tauye, a sake daga farko. Haka ZX Spectrum ta Ingila take, haka Thomson MO5 ta 1984, wadda Faransa ta cika lakwal-lakwal da ita a 1985. Amstrad CPC 464 ma a jikinta aka dasa mata gidan kaset.

To in ka ci karo da irinta cikin kayan gwanjo a kasuwar Katako a Yamai, kada rashin na'urar disket ya sa ka juya baya. Yau akwai ƴar na'ura SD2IEC da ke sa Commodore ta karanta katin memori, Spectrum kuwa ko daga salula ana kunna mata sautin ta ɗauka. Kaset da disket na asali, zafinmu da ƙurar hunturu sun riga sun gama da yawancinsu.

Abin dubawa shi ne akwatin wuta, wanda ake jonawa tsakanin soket da kwamfutar. Na Commodore 64 in ya tsufa yakan tura kuran fiye da kima ya ƙone ƙwaƙwalwar. Ko mai kaya ya ce "Alhaji, a jona a gwada mana", a fara kai wa mai gyaran rediyo ya auna shi tukuna.