Waiwaye: Baƙar bindiga da mai ita a idon Amurkawa

Bindigogi biyu ake yawan jerawa idan gardamar hana farar hula mallakar wasu bindigogi ta taso a Amurka: Ruger Mini-14 da AR-15. Ta farko gindinta na katako ne, kamar ta maharbin barewa. Ta biyu baƙa ce wuluk, jikinta alminiyom da roba, wanda bai sani ba zai rantse daga barikin soja aka fito da ita. Amma harsashi iri ɗaya suke ci, mai kaurin milimita 5.56, wanda gudunsa ke haura mita 900 a sakan ɗaya. Kowaccensu idan aka ja kunama sau ɗaya harsashi ɗaya ne zai fita, sannan ta ɗora wani da kanta. Kowaccensu ana iya saƙala mata gidan harsashi mai cin 30. Duk da haka dokar tarayya ta 1994 ta ambaci sunan Colt AR-15 cikin haramtattu, ta sa Mini-14 mai tsayayyen gindi cikin jerin bindigogi kusan 650 da ta ce kada a taɓa su. Kuma Mini-14 ɗin ce aka kashe mata 14 da ita a wata kwalejin injiniya a Montreal a 1989, ita ce kuma a hannun wanda ya kashe mutum 69 a tsibirin Utoya na Norway a 2011.

Asalin AR-15 daga wani ƙaramin kamfani ne mai suna ArmaLite, inda injiniya Eugene Stoner ya jagoranci ƙera ta a shekarun 1950. Haruffan AR daga sunan kamfanin suke. A 1959 ArmaLite ya sayar wa Colt haƙƙin ƙirar, sojojin Amurka suka karɓe ta da sunan M16, aka tafi da ita yaƙin Vietnam. Colt ya fitar da ta farar hula a tsakiyar shekarun 1960. A waje kusan ba a bambanta su, bambancin yana ciki: ta soja tana da wasu 'yan ƙarafa a gidan kunama da ke sa ta yi ta ɓarin wuta muddin yatsa na kan kunama, ta farar hula ba ta da su. Irin masu ɓarin wutar tun 1934 doka ta sa musu rajista da haraji, kuma daga Mayun 1986 aka daina yi wa sababbi rajista ga farar hula gaba ɗaya. Shekaru da yawa AR-15 ba ta da wani farin jini a kasuwa. Maharban gargajiya raina ta suke yi, suna ganin harsashinta ya yi ƙanƙanta ga babbar dabba, don ƙarfin harsashin .30-06 da suka saba da shi ya ninka nata.

Lamarin ya sauya ranar 17 ga Janairun 1989, lokacin da wani mutum ya buɗe wuta a filin wasan wata firamare a Stockton ta jihar Kalifoniya da bindiga ƙirar AK da aka yi a Sin. Yara biyar suka mutu, dukansu 'ya'yan 'yan gudun hijira daga Kambodiya da Vietnam. A shekarar Kalifoniya ta yi dokar Roberti-Roos, wadda ta haramta bindigogi sama da 50 ta hanyar jera sunayensu, gwamnatin George Bush babba kuma ta hana shigo da wasu ire-irensu daga waje. Matsalar jera suna ba ta daɗe ba ta bayyana: kamfani ya sauya sunan da aka buga a jikin ƙarfe, bindigar ta koma kanti.

A 1988, kafin abin da ya faru a Stockton, Josh Sugarmann, ɗaya daga cikin masu fafutukar taƙaita mallakar bindiga, ya rubuta a wani rahoto cewa kamannin waɗannan bindigogi mai ban tsoro, da yadda jama'a ke rikita su da masu ɓarin wuta, zai sa a fi samun goyon bayan hana su. Har yau masu kare mallakar bindiga na ɗauko wannan magana a matsayin shaidar cewa tun farko siffa ake yaƙa. Abin da ba su cika ambata ba shi ne su kansu 'yan kasuwar bindiga da mujallunsu sun yi amfani da kalmar "makamin kai farmaki", sunan da masu neman hana su ke kiransu da shi, a shekarun 1980 don jawo masu saye. Sai a wajajen 2009 ƙungiyar masu ƙera bindigogi ta NSSF ta dage a riƙa ce mata "bindigar wasanni ta zamani".

Dokar da Bill Clinton ya sa wa hannu ranar 13 ga Satumban 1994 ta yi ƙoƙarin toshe ƙofar sauya suna. Bayan sunaye 19 da ta jera, ta kawo ma'auni: duk doguwar bindiga mai ɗora harsashi da kanta, wadda ake cire mata gidan harsashi, idan tana da biyu daga cikin abubuwa biyar, ta haramta. Abubuwan su ne gindi mai naɗewa ko mai zugewa, mariƙi irin na fistol da ya fito a ƙasan kunama, wurin ɗaura wuƙar bindiga, abin rage hasken wuta a baki ko zaren da ake murɗa shi a kai, da abin harba gurneti. Ta kuma hana ƙera sabon gidan harsashi mai cin fiye da 10. Duk abin da ke hannun mutane kafin ranar an bar musu shi, har da damar sayarwa.

Kamfanoni ba su sha wahala ba. Aka daina sa wurin ɗaura wuƙa, aka bar bakin bindiga ba zare, aka kafe gindi da fil don kada ya zuge, aka bar mariƙin fistol shi kaɗai tunda abu ɗaya bai kai biyu ba. Colt ya sa wa tasa sabon suna Match Target ya ci gaba da sayarwa. Kamfanin Intratec, mai ƙera fistol ɗin TEC-9 da dokar ta ambata da suna, ya fito da AB-10, haruffan kuma na nufin "bayan haramci". Kunama ɗaya, harsashi ɗaya, gudu ɗaya. Ba gaskiya ba ne a ce waɗannan sassa ado ne zalla: mariƙin fistol na taimaka wa hannu ya riƙe bindiga da kyau idan ana harbi a jere, gindi mai naɗewa kuma na rage tsawonta har a iya ɓoye ta. Amma cire su bai taɓa abin da ke yin kisa ba, wato nau'in harsashi da yawan wanda za a harba kafin a tsaya. Binciken da Christopher Koper ya yi wa Ma'aikatar Shari'a a 2004 ya nuna cewa ɓangaren gidan harsashi ne ya fi muhimmanci a dokar, kuma miliyoyin tsofaffi da aka bari a kasuwa sun jinkirta tasirinsa. A Satumban 2004 dokar ta cika wa'adinta na shekara goma, majalisa ba ta sabunta ta ba.

Abin da haramcin ya yi wa AR-15 shi ne ya mai da ita tuta. Ga yaƙin Afganistan da Iraƙi a talabijin kullum, soja riƙe da M4 baƙa, wato gajeriyar M16, ga wasannin kwamfuta na harbe-harbe, ga kuma haƙƙin ƙirar da ya ƙare tun ƙarshen shekarun 1970, wanda ya ba kamfanoni da dama damar yin tasu. Ƙirarta ma ta taimaka: fil biyu ake turawa a raba ta gida biyu, mutum ya sauya bututu, mariƙi, gindi da madubin saiti a kan teburin ɗakinsa. Shi ya sa da wuya a ga guda biyu masu kama ɗaya, kuma shi ya sa ake karanta halin mai ita daga abin da ya ɗora mata.

Wannan karatu ba daga maƙiyan bindiga kaɗai yake zuwa ba. A Fabrairun 2007 Jim Zumbo, daɗaɗɗen marubucin farauta na mujallar Outdoor Life, ya rubuta cewa AR da AK bindigogin 'yan ta'adda ne, ba su da gurbi a wurin maharba. Cikin 'yan kwanaki ya rasa aikinsa, kamfanin bindigogi na Remington ya janye ɗaukar nauyinsa, aka dakatar da shirinsa na talabijin. Masu baƙar bindiga suna da sunan raini da suke kiran irinsa da shi, Fudd, daga wani maharbi dolo na zanen barkwanci. Su kuma 'yan gargajiya suna yi wa mai loda wa bindiga fitila da madubai da kwalliyar ƙoƙon kai kallon wanda bai taɓa shiga soja ba amma yake kwaikwayon soja. A tsakaninsu ma akwai wani raini na tambari: mai bindigar Daniel Defense ta kusan dala 2,000 yana ganin mai ta dala 500 bai san abin da yake yi ba.

Idan aka zo ga alƙaluma, siffar ba ta nuna mai laifi. A ƙididdigar hukumar FBI ta 2019, an kashe mutum 364 da bindigogin raifil kowane iri, an kashe 6,368 da fistol. Miliyoyin masu AR-15 ba su taɓa harbin komai ba sai takarda da gwangwani. Amma ita ce aka ɗauka a kashe-kashen makarantun Sandy Hook da Parkland da Uvalde, kuma dalilin a bayyane yake: nauyinta bai fi kilo uku zuwa uku da rabi ba, ba ta dukan kafaɗa sosai, wanda bai ƙware ba ma zai iya saita ta, ga harsashi 30 a ɗauri ɗaya. Waɗannan duk halayen aiki ne. Da za a shafa mata fenti ruwan hoda ba abin da zai ragu.

Rubutu da tambari wani abu ne daban, kuma a nan hukuncin da ake yi wa mutum ya fi samun madogara, domin zaɓi ne. Kamfanin Bushmaster ya yi talla da hoton bindigarsa yana cewa wanda ya saye ta an sabunta masa katin shaidar zama namiji. Bindigar kamfanin, XM15, ita aka kashe yara 20 da manya shida da ita a firamaren Sandy Hook ranar 14 ga Disamban 2012, kuma halastacciya ce a ƙarƙashin dokar siffa ta jihar Connecticut a lokacin. Dokar tarayya ta 2005 ta kare masu ƙera bindiga daga ƙara idan aka yi laifi da kayansu, don haka iyalan mamatan suka bi ta ƙofar talla, suka ce an saɓa wa dokar kasuwanci ta jihar. Kotun ƙolin Connecticut ta ba su dama a 2019, a Fabrairun 2022 kamfanonin inshorar Remington, wanda a da shi ne uwar kamfanin Bushmaster, suka amince su biya dala miliyan 73.

Musulmi ma sun ga nasu rabon. A Janairun 2010 aka gano cewa kamfanin Trijicon yana buga lambobin ayoyin Baibul, irin su JN8:12, a ƙarshen lambar madubin saitin da sojojin Amurka ke amfani da shi a Iraƙi da Afganistan. Bayan surutu kamfanin ya ce zai daina a kayan soja, ya kuma ba da kayan goge na baya. A 2015 kamfanin Spike's Tactical na Florida ya fitar da AR-15 mai suna Crusader, da gicciyen mayaƙan Salibiyya da ayar Zabura 144:1 a jikinta, yana cewa an yi haka ne don kada "'yan ta'adda Musulmi" su taɓa ta. Wanda ya ga tallan ya je ya zaɓi wannan cikin ɗaruruwa a kanti, ya faɗi wani abu game da kansa da bakinsa.

Kotuna sun san nauyin abin. Wani bincike da masana halayyar ɗan Adam na Jami'ar Trinity da ke Texas suka buga a 2009 ya ba masu taka rawar juri, wato mutanen gari da ake ɗauka su yanke ko mutum ya yi laifi, labari iri ɗaya na maigidan da ya harbi ɓarawo, ana sauya bindigar kawai, kuma an fi tsananta wa wanda aka ce AR-15 ya riƙe. Shi ya sa masu koyar da kare kai ke gargaɗin ɗalibansu kada su zana ƙoƙon kai ko kalaman barazana a bindigar da za ta iya zuwa gaban alƙali. A Mesa ta jihar Arizona, ɗan sandan da ya harbe wani mutum marar makami a otal a Janairun 2016 yana da rubutun ashar a murfin ƙura na AR-15 ɗinsa, mai nufin "taka ta ƙare". Alƙali ya hana a nuna wa juri rubutun, ya ce zai sa su yanke hukunci da zuciya. A Disamban 2017 aka wanke shi.

New Zealand ta bi wata hanya bayan kashe masallata 51 a Christchurch ranar 15 ga Maris na 2019, da bindigogin da maharin ya cika da farin rubutu na sunayen tsofaffin yaƙe-yaƙe da Musulmi. Dokar da majalisa ta yi cikin ƙasa da wata guda ta dubi aikin bindiga ne: ta hana mafi yawan masu ɗora harsashi da kansu, ta bar ƙananan .22 masu cin 10 ko ƙasa da haka, sannan gwamnati ta sayi na hannun mutane. Jihohin Amurka kuwa sun ci gaba da matse ma'aunin siffa. New York a 2013 ta rage shi daga abu biyu zuwa ɗaya, kasuwa ta amsa da mariƙi mai fiffike da ke hana babban yatsa zagayawa, da makullin da ke kafe gidan harsashi don bindigar ta fita daga ma'anar doka.

Irin mai makullin ce wani matashi ya saya bisa ƙa'ida a jihar New York, Bushmaster XM15 ta hannu. Ya cire makullin a gida da injin huda, ya sa gidan harsashi mai cin 30, ya rubuta kalaman ƙin baƙar fata a jikinta, ranar 14 ga Mayun 2022 ya kashe baƙaƙen fata goma a wani babban kanti a Buffalo. Bayan shekara guda babbar lauyar jihar ta shigar da kamfanin da ya ƙera makullin ƙara, tana cewa a bayan kwalinsa an buga matakan yadda ake cire shi.