Ƙwayoyin nano a maganin sankarar mama: me ake nufi da su?

Idan masana suka ce ƙwayoyin nano, suna nufin wasu mitsi-mitsin mazubai da ake cusa magani a ciki kafin a ɗura shi a jini. Da nanomita ake auna su, wato a raba mita ɗaya gida biliyan. Dalilin ƙirƙiro su kuwa shi ne maganin sankara ba ya tantance abokin gaba, duk inda ya ratsa sai ya yi ɓarna. Doxorubicin, alal misali, yana iya raunana zuciya. Da aka naɗe shi cikin ƙwayar kitse, aka sa masa suna Doxil, hukumar FDA ta Amurka ta amince da shi a 1995, illarsa ga zuciya ta ragu, sai dai yana sa tafin hannu da na ƙafa su yi ja su riƙa zafi.

Abraxane ya biyo baya a 2005 don sankarar mama da ta yaɗu. Maganin sankara mai suna paclitaxel ne aka haɗa da furotin na jinin ɗan Adam, ba sai an narka shi da sinadarin man zurma da ke tayar wa wasu mata da jiki ba.

Babbar matsalar ita ce garkuwar jiki. Da ƙwayar ta shiga jini, furotin ke lulluɓe ta, dakarun da ke gadi a hanta da saifa su gane baƙuwa ce, su haɗiye ta tun kafin ta kai ga ƙarin. Shi ya sa ake shafe ta da sinadarin PEG don ta daɗe tana zagayawa. Amma akwai mutanen da jikinsu ke yaƙar PEG ɗin kansa. Wani nazari na masana a Jami'ar Toronto a 2016 ya gano cewa, a gwajin dabbobi, kimanin kashi 0.7 cikin 100 kacal na ƙwayoyin da aka ɗura ne ke isa ƙarin. Don haka masu cewa maganin yana tafiya kai tsaye inda cuta take sun zuzuta lamarin.

Yanzu ana ƙoƙarin jawo garkuwar ta shiga yaƙin. A 2019 Amurka ta amince a haɗa Abraxane da atezolizumab, mai zaburar da garkuwa, ga nau'in sankarar mama da ba ta jin maganin homon. A 2021 aka janye wannan amfani a can, bayan wani gwajin da aka haɗa atezolizumab da paclitaxel na asali bai nuna fa'ida ba.